Gwaggo ta ce nonona ne ke cutar da 'ya'yana, likita kuma ya ce ciwon gado ne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 26, aurenmu shekara bakwai. Mijina taubashina ne, ɗan gwaggona, wato ƙanwar mahaifina. Haihuwata uku. 'Yar farina ta rasu tana da wata bakwai, bayan ta sha fama da gudawa da jini da marurai a dubura. Na biyun namiji ne, shekararsa huɗu, lafiyarsa ƙalau. Wanda nake goyo yanzu watansa biyar, kuma tun ba mu yi arba'in ba ya fara irin ciwon yayarsa. Aka ce ɗankanoma ne, aka yi ta zaunar da shi a ruwan bagaruwa, muka sayi maganin atini a kyamis, duk ba sauƙi. Yanzu har wata 'yar ƙofa ta buɗe a gefen duburarsa tana fitar da mugunya, bakinsa ya yi ƙuraje, ga rama.

Da muka je asibitin koyarwa, aka leƙa hanjinsa da na'ura. Likita ya ce yana zargin wani ciwon gado ne da ya shafi wani sinadari mai suna IL-10, sai an aika jini waje an tabbatar, kuma idan shi ne, wataƙila sai an yi masa dashen ɓargo. Ni ban gane ba, don mun yi gwajin jini kafin aure, ni da shi duk AA ne.

Gwaggo ta ce ƙaryar likita ce, nonona ne ba shi da kyau, in cire yaron a ba shi madarar shanu da koko. An fara kirana mai wabi a dangi. Tana matsa wa mijina ya auri 'yar ƙaninta. Shi kuma ya yi shiru, ya fita da asuba sai dare. Na ga wata a Facebook tana sayar da maganin ƙara garkuwar jiki, ta ce yana ƙara IL-10 ɗin ma. In saya? Laifina ne? In haƙura da auren ne don kada in sake haifar wanda zai sha wannan wahala?

Daga wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan 'yarki, ya sa mai ceto ce, ya ba wannan ƙaramin lafiya. Uwar da ta binne jaririya, ta kuma wayi gari tana ganin ciwo iri ɗaya a jikin ƙaninta, abin da ke kanta ma ya ishe ta ba sai an ɗora mata zargi ba. Don haka zan fara da abin da ya fi ci miki rai. Nononki ba shi da laifi, kuma kada ki cire yaron nan daga nono. Shaidarki tana nan tana wasa a tsakar gida: ɗanki mai shekara huɗu wannan nonon ya sha ya girma. Jaririn da hanjinsa ya yi miki, babu abincin da ya fi masa sauƙin narkewa da kariya kamar nonon uwarsa. Madarar shanu da koko a wata biyar, a kan hanjin da ke zubar da jini, za su iya jefa shi cikin halin da ya fi wannan muni. Iyakar abin da likita zai iya cewa shi ne ke ki dakata da shan nonon shanu, kindirmo da madara na wasu makonni, don akwai jariran da jikinsu ba ya jituwa da furotin ɗin shanu, kuma yana bi ta nonon uwa ya same su. Wannan gwaji ne na ware wata cutar daban, ba hukunci ne a kan nononki ba.

Yanzu bari mu zauna a kan abin da likita ya faɗa, don idan kin gane shi da kyau, za ki samu bakin magana a gida.

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki tana tarar ta da kumburi: wurin ya yi zafi, ya yi ja, zazzaɓi ya tashi. Wannan faɗan alheri ne, da shi muke rayuwa. Ƙwayoyin garkuwa kuwa suna magana da junansu ta wasu ƙananan furotin da suke saki a matsayin saƙo. Da yawa daga cikin saƙonnin nan cewa suke “ku afka”. Intalukin-10, wanda ake taƙaitawa da IL-10, yana cikin 'yan kaɗan da ke cewa “ya isa haka, ku janye”. Ki ɗauki hanji tamkar babbar kasuwa ranar cinta. Tiriliyoyin ƙwayoyin bakteriya ne ke zaune a ciki, akasarinsu mutanen kirki ne, har taya mu narkar da abinci suke yi. Ƙwayoyin garkuwa su ne 'yan sintirin kasuwar, IL-10 kuma shi ne usur ɗin shugabansu da ke tsayar da su. Ranar da usur ya ɓata, ko kuma 'yan sintirin suka kurmance ba sa jin sa, to kowa a kasuwa ya zama ɓarawo, duka ba tsayawa, har rumfuna su rushe. Rushewar nan ita ce jinin da kike gani a ƙyallen yaronki, da maruran, da 'yar ƙofar da ta buɗe.

Ba yau masana suka san wannan sinadari ba. A shekarar 1989 Tim Mosmann da abokan aikinsa a jihar Kalifoniya ta Amurka suka gano shi, a matsayin wani abu da ke hana wasu ƙwayoyin garkuwa sakin saƙonnin faɗa. A 1993 masu bincike a Jamus suka samar da ɓeraye da jikinsu ba ya yin IL-10, sai ɓerayen suka tashi da kumburin hanji mai tsanani, da rama, da ƙarancin jini. Daga baya aka gwada kiwon irinsu a wurin da babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya, sai hanjinsu ya zauna lafiya. A nan aka gane cewa ba wata baƙuwar cuta ce ke kawo ɓarnar ba, garkuwar ce ta rasa mai tsawata mata a gaban bakteriyar gida. Idan wannan ne ciwon ɗanki, shi ya sa maganin atini bai yi masa komai ba. A 2009 kuma wata tawagar likitoci, cikinsu har da Christoph Klein da Bodo Grimbacher, ta wallafa labarin wasu yara daga gidaje biyu na auren zumunci da suka fara ciwon hanji tun suna jarirai, da ƙuraje da yoyo a dubura. Aka tarar matsalarsu tana makarɓin saƙon ne, wato sashen da ke jikin ƙwayar garkuwa wanda IL-10 ke sauka a kai. Jikinsu yana aika saƙon, babu mai karɓa. Aka yi wa ɗaya daga cikinsu dashen ɓargo daga ɗan ɗakinsu, hanjinsa ya warke.

Maganar AA ɗin da ta ɗaure miki kai, amsarta a kusa take. Gwajin da ake yi kafin aure, wanda har jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, ta fuskar gado nau'in jan jini kawai yake dubawa saboda sikila. Ɗan Adam kuwa yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000, wannan gwajin bai leƙa na IL-10 ba balle ya wanke su. Amma hanyar gadon iri ɗaya ce da ta sikila. Kowane mutum yana da kwafi biyu na ƙwayar gadon, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai kwafi ɗaya mai lahani lafiyarsa ƙalau, ba zai sani ba sai an gwada shi. Sai yaro ya karɓi mai lahani daga ɓangarorin biyu ciwo ke bayyana. Kin ga ke nan, idan zargin likita ya tabbata, rabi daga gare ki ne, rabi daga mijinki, kuma babu wanda ya zaɓa a cikinku.

Akwai wata magana mai nauyi a nan da nake so ki riƙe a zuciyarki, kada ta zama makami a bakinki. Mahaifinki da Gwaggo ciki ɗaya suka fito. Idan ke da mijinki kuna ɗauke da lahani iri ɗaya, abin da ya fi kusa shi ne ya gangaro daga ɗaya cikin kakanninku, ya bi ta mahaifinki ya zo gare ki, ya bi ta Gwaggo ya je ga ɗanta. Na san idan ta sake ce miki mai wabi, harshenki zai yi ƙaiƙayi ki mayar mata. Ina roƙonki kada ki yi. Ita ma ba ta zaɓa ba, kuma ranar da kika jefa mata wannan magana, za ta rufe kunnenta daga duk abin da ya fito daga asibiti, yaron ne zai kwana a ciki.

Maganin Facebook kuwa, kada ki saka ko sisi. Da farko ma an yi wa matsalar gurguwar fahimta: garkuwar ɗanki ba kasala ta yi da za a ƙara mata ƙarfi ba, wuce gona da iri take yi. Sannan IL-10 furotin ne, idan aka haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da ƙwai. Idan kuma makarɓin saƙon ne ya lalace, wanda shi aka fi samu, ko an cika jinin yaro da IL-10 babu inda zai sauka. Manyan kamfanonin magani ma sun haɗa shi a matsayin allura, suka gwada a kan manya masu ciwon hanji na Crohn wajen shekarar 2000, sakamakon bai kai inda aka sa rai ba, ba a kuma amince da shi a matsayin maganin wannan ciwo ba. Wadda ke sayar da gari a leda ba ta fi su ba.

Kuma ba kowane lokaci yawan IL-10 ke zama alheri ba. Masu cutar kala-azar, wadda ke addabar gabashin Sudan tana kumbura saifa, ana samun IL-10 da yawa a jikinsu, shi ke sanyaya garkuwa har ƙwayar cutar ta samu wurin zama. Ƙwayar tarin fuka ma tana cin moriyar wannan sanyi. Akwai ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda kusan kowane babba a duniya ke ɗauke da ita, tana ƙera nata kwaikwayon IL-10 don ta yaudari garkuwa. A ciwon lufus, inda jiki ke yaƙar kansa, yawansa yana ingiza wasu ƙwayoyin su ƙara ɓarna. A ɗaya ɓangaren, wani bincike da aka yi a kan yara a Ghana aka wallafa a 1998 ya nuna cewa waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya ƙone musu jini sosai, IL-10 ɗinsu ya yi ƙasa da na sauran yara masu zazzaɓin. Jiki yana auna shi ne wuri wuri, lokaci lokaci. Ba abin da mutum zai ce bari in ɗan ƙara ba ne.

Sai dai ki lura da kalmar da likita ya yi amfani da ita: zargi yake yi. Alamomin ɗanki sun yi kama ƙwarai, fara ciwo kafin wata uku, yoyon dubura, ƙurajen baki, rasuwar yayarsa, ga zumunci tsakaninku. Duk da haka akwai wasu cututtukan garkuwa na gado da ke zuwa da wannan siffa, akwai tarin fuka na hanji, akwai rashin jituwa da madara. A wani bincike na 2012, cikin yara 66 da suka fara kumburin hanji tun suna ƙanana, 16 ne aka samu da lahani a IL-10 ko makarɓinsa. Sauran 50 ɗin dalilinsu daban. Saboda haka babu wanda ya kamata ya yanke hukuncin saki, ko ƙarin aure, ko daina haihuwa, kafin takardar gwajin nan ta dawo. Duk kuɗin da ke hannunku yanzu, bayan abinci da magani, gwajin nan ne ya fi cancanta da su.

Ki koma wurin likitan da tambayoyinki a rubuce. Wane gwaji ne takamaimai, ƙwayoyin gadon IL-10 kaɗai zai duba ko har da sauran cututtukan da ke kama da shi? Na biyun ya fi, don kada a biya sau biyu. Nawa ne, kuma makonni nawa zai ɗauka? Za a ɗauki jininki da na mijinki da na yayan yaron tare? Ki kuma roƙe shi ya rubuta wa cibiyoyin da suka ƙware a ciwon hanjin jarirai. Akwai su a Munich ta Jamus, da Oxford ta Ingila, da Toronto ta Kanada, da Boston ta Amurka, suna hulɗa da likitocin wasu ƙasashe, wani lokaci har su karɓi samfuri a ƙarƙashin bincikensu. Likita ne zai iya buɗe wannan ƙofar, ba iyaye ba. Ki nemi sashen walwalar marasa lafiya na asibitin. Ki tanadi jaka ɗaya ta takardu: sakamakon leƙen hanji, na gwajin jini, katin rigakafi, da duk abin da ya rage na marigayiya. Ki sami ɗan littafi kina rubuta sau nawa ya yi bayan gida a rana, da jini ko babu, da nauyinsa duk ranar awo. Likita yana gane inda aka dosa daga wannan littafin fiye da “da sauƙi” ko “ba sauƙi”.

Idan ya tabbata IL-10 ne, ba zan ɓoye miki ba, hanya ce mai tsawo. Magungunan danne kumburi da ke yi wa manya aiki ba su cika riƙe wannan nau'in ba, sai dai su yi riƙon ƙwarya. Wani lokaci likitocin tiyata kan fitar da bakin hanji ta gefen ciki na ɗan lokaci, bayan gida ya riƙa zuba a jaka, don dubura ta huta ta warke. Idan aka kawo wannan shawara kada ki firgita, yara da yawa daga nan suka fara yin ƙiba. Dashen ɓargo shi ne abin da aka ga yana kawar da ciwon daga tushe, saboda a ɓargo ake ƙera ƙwayoyin garkuwa, sabon ɓargo kuma yana kawo ƙwayoyin da ke jin saƙon. Ana so a yi shi da wuri, don jinkiri yana ƙara lalata hanji, kuma masu lahanin makarɓin nan suna da haɗarin kamuwa da wata sankarar jini idan suka daɗe da shi. Dashen kansa yana da nasa haɗarin. Ana ba yaro magunguna masu ƙarfi don share tsohon ɓargo, ya yi makonni a keɓe ba shi da kariya daga cuta, sabon ɓargon ma yana iya yi wa jiki tawaye. Akwai waɗanda ba sa tsallakewa. Ɗanki babba yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa da ƙaninsa, kuma ko yana ɗauke da kwafi ɗaya mai lahani, galibi yana iya bayarwa. Abin da aka ɗiba a jikinsa yana mayar da kansa cikin 'yan makonni.

A Najeriya an fara dashen ɓargo a asibitin koyarwa na Benin a 2011 don masu sikila, Legas ma ta bi sahu a 2024. Jariri mai ciwon garkuwa kuwa yana buƙatar cibiyar da ta saba da irinsa, shi ya sa ake yawan duba Indiya, Turkiyya, Masar ko Saudiyya. Kuɗin sun fi ƙarfin yawancin gidaje, wannan gaskiya ce. Amma da takardar gwaji da wasiƙar likita a hannu ake buga ƙofar hukumar zakka, da gwamnatin jiha, da masu hali, da gidajen rediyo masu neman taimako. Ku yi hattara da dillalan kai marasa lafiya waje. Kada a ba kowa kuɗi sai an ga wasiƙa daga asibitin can, likitanku ya karanta ya gamsu.

Kafin duk wannan, akwai aikin kullum da ke hannunki, kuma shi ke tsayar da yaron har a kai ga magani. Ki yawaita ba shi nono, ko da kaɗan kaɗan ne. Ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki kada su yanke a ɗakinki. Bayan kowane bayan gida ki wanke wurin da ruwan ɗumi zalla, ki dadanna da tsumma mai laushi har ya bushe, ban da gogewa, sannan ki shafa man da likita ya rubuta. A daina bagaruwa, a daina tura komai a dubura, kuma ko da wasa kada wanzami ya kusanci maruran nan da aska. Ya kwana a gidan sauro. Idan an ɗora shi a kan maganin danne garkuwa, kada ki tsayar da shi kwatsam don kin ga sauƙi, kuma zazzaɓi kowane iri asibiti ne a ranar, ba kyamis ba. Haka idan ya ƙi nono, ko maɗigarsa ta faɗa, ko cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko tafin hannunsa ya yi fari fat. Rigakafi yana da muhimmanci gare shi, amma wasu alluran da ɗigon baki, irin na foliyo da na gudawa da na ƙyanda da na shawara, suna ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana. Ki kai wa likita katinsa ya nuna miki wanda za a yi yanzu da wanda za a jinkirta, ya kuma rubuta miki abin da za ki nuna wa masu ɗigo idan sun zo gida.

Mu dawo kan mijinki. Shirunsa yana yi miki zafi, na sani, kina ganin ya bar ki ke kaɗai. Ina kyautata zaton shi ma ya rasa inda zai sa kansa ne. Ya binne 'yarsa, yana ganin ɗansa yana narkewa, ga kuɗin da ba shi da su, ga mahaifiyar da ba ya iya yi wa musu. Maza da yawa idan abu ya fi ƙarfinsu, waje suke gudu. Wannan bai wanke shi ba, don ba daidai ba ne a ci mutuncinki a dangi yana ji ya yi gum. Amma idan kika tare shi da “ka zaɓa, ni ko Gwaggo”, kin ba shi tambayar da ba zai iya amsawa ba. Ki nemi lokacin da ya ci abinci hankalinsa ya kwanta, ki roƙe shi abu ɗaya tak: ya raka ki asibiti ranar ganin likita, ya shiga ɗakin, ya ji da kunnensa. Sau da yawa uba yakan canza ranar da likita ya dube shi ya ce “jininka muke buƙata”. Daga nan ya san yana cikin maganar, kuma yana da aikin yi.

Gwaggo kuma, duk da zafin bakinta, jikanta take ji. Ta tashi a zamanin da ɗankanoma da mugun nono su ne bayanin duk jaririn da ke gudawa yana ramewa, da abin da ta sani take faɗa. Ba ke za ki gyara mata fahimta ba, 'ya ce ke a wurinta kuma suruka. Mahaifinki yayanta ne, shi ne ya fi kowa dacewa. Ki je ki same shi, ki yi masa bayani a natse, ki nemi ya zauna da ƙanwarsa. Idan za ta yarda, a tafi da ita asibiti sau ɗaya, a roƙi likita ko wata babbar nas ta yi mata bayani da Hausa, a girmama ta, a ba ta aiki a cikin jinyar, ko da lura da babban yaron ne ranakun da kuke kwance.

Batun ƙarin aure, shari'a ta ba shi dama, ba zan ce miki ba ta ba shi ba. Abin da ya kamata a sani shi ne, idan don gudun ciwon ake so a yi, to yarinyar da aka zaɓa jinin kakannin nan ce ita ma. Idan lahanin daga nan ya fito, tana da damar kusan ɗaya cikin huɗu ta kasance tana ɗauke da shi. Da zarar an gano ainihin lahanin a jinin ɗanki, gwada ta abu ne mai sauƙi, kuma haƙƙinta ne ta sani kafin a ɗaura. Wannan maganar ma kada ta fito daga bakinki, kishi za a ce. Ki bar likita ya faɗa wa mijinki. Abin da ke za ki iya faɗa masa kai tsaye, ba tare da kunya ba, shi ne kuɗin lefe da na gwajin ɗansa ba za su fito daga aljihu ɗaya a wata ɗaya ba.

Kin tambaye ni ko ki haƙura da auren. Ba na ganin ciwon nan shi kaɗai ya isa ya raba ku, kuma yanzu ne yaron ya fi buƙatar ku biyun a wuri ɗaya, har ta fuskar jini da sa hannu a takardun asibiti. Auren zumunci halal ne, akasarin masu yinsa lafiyayyun 'ya'ya suke haifa. Wani babban bincike a birnin Bradford na Ingila da aka wallafa a 2013 ya nuna haɗarin haihuwar jariri da lahani yana tashi daga kimanin 3 cikin 100 zuwa 6 idan iyaye 'ya'yan wa da ƙani ne ko taubasai. Amma ku lissafinku ya bambanta, idan gwaji ya tabbatar: kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon, uku cikin huɗu na zuwa lafiya, kuma cikin baya ba ya rage wa na gaba komai. Gaskiya ne idan kowannenku ya auri bare, haɗarin zai ragu sosai, ba zan rufe miki wannan ba. Sai dai akwai hanyoyi a tsakani. Ku yi tazarar haihuwa yanzu, ki nemi shawara a asibitin kan hanyar da ta dace da mai shayarwa, don jinyar nan da sabon ciki ba za su haɗu a jikinki ba. Nan gaba ana iya gwada jariri tun ranar haihuwa a fara kula da shi kafin hanji ya lalace. Akwai kuma haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a asibiti a tantance kafin a mayar mahaifa, ana yin irinsa saboda sikila, yana da tsada, kuma za ku iya tuntuɓar malamin da kuka amince da shi a kai. Idan kuma bayan duk wannan wulaƙanci ya ci gaba, mijinki ya kasa tsaya miki, to wannan wata magana ce ta daban, magabatanki za su zauna a kanta, amma ba a tsakiyar jinya ba.

Ke ma ki duba kanki. Mai shayarwa da ke tashi sau da yawa cikin dare tana wanke gudawa tana buƙatar ci da barci da mai karɓarta. Ki nemi Innarki ko wata 'yar uwarki ta zo ta zauna da ke, ko ku riƙa karɓa karɓa a asibiti. Idan kin ga kuka ya ƙi tsayawa, abinci ya fita ranki, ko zuciyarki na raya miki abin da ke tsorata ki, ki faɗa wa likitan yaron a ranar, ya haɗa ki da wanda zai duba ki. Idan sakamakon gwajin ya dawo, ko IL-10 ne ko wani abu daban, ki sake rubuto mini mu duba mataki na gaba tare. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya.